Kula ta Bakwai

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi wayar Turai ta yi ƙara. Hajiya Rakiya ce daga unguwar Fezzan, muryarta a dashe. An ɗage walimar ɗanta saboda kawun amarya ya rasu da safe, ga abincin mutum ɗari biyu an gama tun hantsi.

"Ki zo ki kwashe, Turai. Ko ganinsa ba na son yi."

Turai ta yi mata ta'aziyya tana laluben takalminta a ƙarƙashin gado. Shekara ashirin da biyu ta yi tana girki a makarantar kwana. Da ta yi ritaya sai ta haɗa kai da wasu mata huɗu, suna tattara ragowar abincin biki da na taro suna kai wa mabukata. Duk kayan aikinsu kuloli ne, sai keken haya mai ƙafa uku na Ajimi, maƙwabcinta a unguwar Abbaganaram.

Sai a kira na biyar Ajimi ya ɗaga. Yana layin mai.

"Ya Turai, saura mutum shida a gabana."

"Ka ga ranar nan kuwa? Akwai miyar gyaɗa fa a ciki!"

Ta fito ƙofar gida, ta koma, ta sake fitowa. Ta goge kulolin da ta riga ta wanke. Sannan ta kira Ya Gana, dattijuwar da ke tara matan da suka baro ƙauyukansu suka zauna a Dusuman, ta ce mata su fito da kwanuka.

Ƙarfe ɗaya ta wuce kafin su loda kula bakwai a Fezzan: shinkafa, burabusko, miyar kuka, da miyar gyaɗa cike da kaji. Turai ta takure a gefe, murfin kula na ƙona mata gwiwa. A wajen unguwar Kwastam wata tirela ta mace a tsakiyar titi. Suka yi kusan awa guda ba gaba ba baya. Ta sauka ta leƙa, ta dawo, ta lulluɓe kulolin da mayafinta, ta sake sauka.

"Ki zauna don Allah," in ji Ajimi. "Tsayuwarki ba za ta tada tirela ba."

Ana kiran la'asar suka isa. Mata sun fi arba'in a inuwar darbejiya, wasu tun azahar suke nan.

"Wushe, wushe," Ya Gana ta tarye su da sannu cikin yarenta, idonta na kan kulolin.

Turai ba ta barin a raba komai sai ta shinshina, ta ɗanɗana. Shida lafiya lau. Da ta buɗe ta bakwai sai ta ga kumfa ta taso a saman miyar, tsami ya bugi hancinta. Ta yi maza ta rufe, amma Ya Gana ta riga ta hango cinyoyin kaji.

"Wannan fa?"

"Ta juya, Ya Gana. Ba za ta ciwu ba."

"A sake tafasa ta mana. Mu cikinmu ya saba."

"Ko an tafasa ba ta gyaruwa."

Ya Gana ta riƙe hannun kular gam. "Jikokina rabonsu da nama tun Babbar Sallah. A tsame naman a wanke. Ke kin ƙoshi, shi ya sa kike jin tsami."

Maganar ta soki Turai. Ta dubi matan, duk suna jiran ta. Ta tuna shekarar da ɗalibai talatin suka kwanta da amai da gudawa saboda miyar da aka ce a sake tafasawa, ita ce kuma ta yarda aka tafasa. Can akwai motar makaranta da ta kwashe su zuwa asibiti. Nan babu.

"Ki yi fushi da ni," ta ce a hankali, tana ɓamɓare yatsun tsohuwar ɗaya bayan ɗaya. "Ajimi, ari fartanya."

Bayan wani kango Ajimi ya haƙa rami mai zurfi. Turai da kanta ta juye miyar, ta tsaya har ya mayar da ƙasa ya tattake, don kada wani ya tone.

Miyar kuka ba ta kai ko'ina ba. Rabin matan gayan shinkafa suka samu. Ya Gana ta karɓi nata, ta ɗora a ka, ta tafi ba sallama.

A hanyar dawowa Turai ta kasa zama wuri ɗaya, sai juyi take yi a kujera. Daf da Kwastam ta daki kafaɗar Ajimi.

"Tsaya, tsaya! Wancan ba mai ƙanƙara ba ne?"

"Shi ne. Me za ki yi da ita yanzu?"

"Lambarsa nake so. Ran Asabar akwai bikin suna biyu, miya ba za ta sake juya mini a hanya ba."

Keken bai gama tsayawa ba ta diro, ta tsallaka titi tana ɗaga wa motoci hannu.