Keke Na Bakwai

…kafin ƙarfe huɗu, in ji manaja. Suna ɗaya kawai. Sai ka ce zare ne zan tsinke in yar.

Rigunan makaranta ɗari biyu aka dawo mana da su. Wuya a karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. "Ke ce shugabar masu ɗinki, ki ba ni sunan wadda ta yi, ta kama gabanta." Kamar ban sani ba! Kowacce tana sa lambar kekenta a cikin wuyan riga. Na juya guda talatin. Bakwai… bakwai… duk bakwai.

Yaya… kekenki ne.

Ga ki can ta gilashin ofis, hancinki ya kusa taɓa allura. Ke kika ɗora ƙafata a kan keke ina 'yar shekara tara — "Buɗe idonki, sakarya, hanyar ɗinki ce ko ta maciji?" — ke kika kawo ni kamfanin nan, ke kika yi rawa ranar da aka ɗora ni a kanki. Wata shida ke nan ina farke ɗinkinki lokacin hutun rana, ina mayarwa, ina cewa ba na jin yunwa. Kin sani? Ko kunyata kike ji, kamar yadda nake jin taki?

In rubuta mai keke na takwas? Sabuwa ce, ba ta da kowa a nan, wa zai tsaya mata… Kai! Da tsohon ciki fa take. Wace irin mace na zama?

Marayunki uku, Yaya. Da wane baki zan gaya wa Inna?

Uku da rabi. Kekuna suna ta kuka, kowa ya sunkuyar da kai, kowa ni yake saurare. Wai shugaba. Na gaji, wallahi na gaji, ba ni da wanda zan ce wa na gaji.

Tsaya… rigunan nan ai ta hannuna suka wuce. Ni na duba su ɗaya bayan ɗaya a bakin taga, ni na buga hatimi. Wuya a karkace haka, ban gani ba? Jiya sau nawa na lashi zare kafin ya shiga allura? Na ce laifin fitila ne…

Haka idon Inna ya fara. Haka naki ya fara.

Ga takarda, ga biro. Layin da zan rubuta sunan a kai — ɗaya ne, ko biyu nake gani?