Dila Biyu a Kan Shinge

Shekara arba'in da ɗaya ina ɗana wa dila tarko a filin tumakin Etcheverry, nan jihar Wyoming. Ubana ya ɗana a wurin kafin ni. Sunana Orval Teague. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma in na ga kashin dila zan gaya maka abin da ya ci jiya.

A rafin gabas akwai wata dila mace da namijinta da na bari da gangan. Shekara shida ina tona kashinsu da tsinke. Gashin zomo, ƙashin ɓera. Ban taɓa ganin gashin tunkiya ba. Kuma ba sa barin baƙon dila ya taka yankinsu. Irin waɗannan ba a taɓa su. Duk mai tarkon kirki ya san haka.

Wata safiya cikin Janairu na zo zagayen tarkunana, na tarar da su biyun rataye a shingen bakin ƙofa, kai ƙasa, sun daskare.

Na wuce cikin gidan ban cire takalmi ba. Maite Etcheverry, mai filin tun rasuwar mijinta, tana yanka burodi. Surukinta Rusty Kimbrough yana zaune da kofi, ƙafa a kan kujera. Bara ya taso daga birni da wata na'ura mai kukan zomo don kiran dila da bindiga mai madubi.

"Wa ya harbe na rafi?" na ce.

"Barka da asuba, tsoho," in ji Rusty. "Ka ga aikina? Minti ashirin. Kai shekara shida suna fitsari a kan tarkonka."

"Ban ɗana musu ba."

"To kin ji, Mama! Da bakinsa. Kiwon dila yake yi mana a gida."

"Su ne masu gadin garkenki," na ce wa Maite. Shi ban kalle shi ba. "Yanzu rafin ba mai shi. Kafin tumaki su fara haihuwa baƙi za su cika shi, kuma baƙi ba zomo suke nema ba."

Rusty ya kwashe da dariya. "Dila mai gadi! Albashi nawa kake ba shi, tsoho? Yana da hutun Lahadi?"

"Kai da ba ka bambance sawun dila da na karen gidanku, rufe mini baki."

Maite ta ajiye wuƙa. "Orval, ya isa. Gwiwarka ta mutu, kowa ya sani. Rusty zai gaji wurin nan ko ka so ko ka ƙi. Ka ɗauke shi a motarka ka nuna masa aikin, ko ka kwashe ƙarafanka."

"In zauna mota ɗaya da wannan? Warin turarensa kaɗai ya isa ya kori dila har Montana."

"To ka zaɓa."

Na zaɓa. Tarko sittin da uku, kwana biyu ina tone su daga ƙasa mai ƙanƙara. Ba wanda ya fito ya kama mini.

Tumaki suka fara haihuwa a Afrilu. Labari ya iske ni a shagon abincin dabbobi: diloli sun kashe 'ya'ya tara a mako na farko, sha huɗu a na biyu. Rusty na ta kunna na'urarsa a kan tudu. Ya harbi dila biyu ya kuskure uku, ukun nan kuwa suka gane kukan. Daga ranar, da sun ji shi sai su juya.

Farkon Mayu Maite ta zo da kanta. Ta same ni a rumfa ina dafa tarkuna a tukunya don su bar warin hannu. Ta rame.

"Arba'in da bakwai, Orval. Jiya a idona aka ja ɗaya."

"Na faɗa miki."

"Ka faɗa. Ka ji daɗi? Zo ka ɗana."

"Shi ya zo ya roƙe ni. Nan, a tsaye, hula a hannu."

"Ka san ba zai zo ba."

"To."

"Ni na zo! Ni da na ba ka abinci a teburina shekara talatin. Ban isa ba?"

Na ci gaba da juya tukunya. Ta tsaya tana kallona har hayaƙi ya sa ta tari.

"Kai da shi duk jakuna ne," ta ce. "Shi dai yana da uzuri, bai san komai ba."

Ta shiga mota ta buga ƙofa.

Kullum ina sa kunne ko zan ji motar Rusty. Da ya zo, da mako biyu sun ishe ni in share rafin nan. Na san inda zan sa kowane tarko. Har man warin da zan ɗiga a tarko don jawo dila na haɗa na ajiye a kwalba.

Bai zo ba. Ni ma ban je ba.

A Oktoba Maite ta sayar da garken kaf, manyan motoci huɗu. Ta ba wani kamfanin shanu hayar filin. Su ba sa son mai tarko, jirgin sama suke kira ya yi musu harbi. Suka sa sabon kwaɗo a ƙofar da nake da mabuɗinta tun ina saurayi.

Yanzu a bayan jujin gari nake ɗanawa. Dilolin wurin duk ƙazuwa ta cinye su, fatarsu ba mai saye. A coci Maite ba ta gaishe ni. Mutane na cewa taurin kaina ne ya kashe garken. Su faɗa. Ba ni na harbe na rafi ba.