Na'urar da Scholastica Ta Ƙera wa Yayanta

Shekara huɗu Scholastica ta yi a Samaru tana fama da wani ɗan gilashi da bai wuce farce ba. Digirinta na uku take yi a fannin fiziks. Burinta ta ƙera na'urar da za ta riƙa gane hasken nan na rana da ido ba ya gani, mai ƙona fata, ta yi ƙara in ya yi yawa. Yayanta Elias zabiya ne. Gyaran rediyo yake yi a unguwar PZ, a wata rumfa da rabinta kawai ke samun inuwa, kuma tun suna yara take ganin yadda rana ke toya masa wuya.

Na'urarta ta farko nawa gare ta, sai ta kusa minti guda kafin ta amsa. Malamarta, Dakta Ilham, ta ba ta shawara ta gauraya garin zinkin da take shafa wa gilashin da girafin, wani irin gawayi mai sirantaka ƙwarai. Haɗin ya ƙi zama. Yau ya dunƙule, gobe ya ɓare.

Elias ne ke haɗa mata wayoyi. Duk Asabar takan kai masa, ya kanga allon na'urar dab da idonsa yana liƙa dalma.

"Ke dai ki gama," yakan ce. "Ni zan fara ɗaurawa a hannu."

A shekara ta uku wani miki ya fito masa a bayan kunne ya ƙi warkewa. Likita ya ce sankarar fata ce, ta kuma yi nisa. Scholastica ta so ta ajiye karatun, Elias ya hana ta. A watan Afrilu suka binne shi.

Haɗin ya zauna a watan Yuni. Ta kunna fitilar gwaji, kafin ta ɗauke yatsa na'urar ta yi ƙara. Dakta Ilham ta rungume ta, ita kuwa ta tsaya ƙiƙam.

Da yamma ta kai wa mahaifiyarta na'urar a unguwar Chikaji. Tsohuwar ta juya abin a tafin hannunta, ta ce:

"Da kin gama bara, da yana nan?"

Scholastica ta san amsar. Ɓarnar ta fara tun yana ɗan firamare, yana tafiya makaranta ba hula.

"A'a, Mama. Da bai hana ba."

"To, na gode Allah," in ji tsohuwar. "Tsorona ki ɗora wa kanki laifi."

Sai a nan kukan da ta riƙe wata biyu ya ƙwace mata. Mahaifiyar ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta tashi ta ɗora musu ruwan tuwo.