Suwaitar Ɗan Fari

Judith, matar mai bishara, ta ɗaga saƙar da hannu biyu, ta girgiza ta, ta bar ta ta sauka har gwiwarta. Matan zumunta da ke zazzaune a gindin ɗorawar bayan majami'a suka ɗago kai.

"Yaya Lauratu, wannan suwaitar kika ce ta Baba Labo ce?"

"Tasa ce," in ji Lauratu, idonta a kan zaren da take naɗewa.

"To ko an canza miki miji ne ba mu ji ba? Baba Labon da muka sani gajere ne, ga tumbi. Wannan kuwa ai sai mai tsawon gwangwala."

"Ku ƙyale ta," in ji Atu maƙwabciyarta. "Wataƙila ta hango wani dogo a kasuwar Malumfashi."

Aka tuntsire da dariya. Lauratu ma ta yi, amma a fatar baki. Ƙarya take yi, ita kuwa ba ta iya ƙarya ba. Suwaitar ta Yunis ce, ɗanta na fari, wanda ya sami aikin akawu a wurin haƙar kuza a Jos, kuma ranar Litinin zai tafi. Duk wanda ya taɓa zuwa can ya ce sanyin garin har ƙashi yake shiga.

Abin ɓoyewa kuwa ba wani abu ba ne, kunyar ɗan fari ce. Mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna a gaban mutane cewa ta san da shi. Lauratu ta haifi Yunis tun kafin bishara ta iso ƙauyen, lokacin mutanenta suna yanka wa iskoki kaza a gindin tsamiya. Ranar da aka yaye shi, Tsohuwa, uwar Labo, ta goya shi ta wuce da shi sashenta. Zana ɗaya ce tsakaninsu, amma shekara ashirin ke nan Lauratu ba ta taɓa jikinsa ba. Shi ma Yaya yake ce mata, yadda ya ji ƙannenta suna faɗa. Wasu matan sukan ɗan sassauta in yaro ya girma, ita kam ko kusa. A bikin suna da wurin daka, in za a kwatanta mace mai kunya sai a ce Lauratun Labo, kuma gaskiya yabon yana yi mata daɗi.

Sai ga wannan tafiya. Tun da ta ji labarin ta aika Funtuwa aka sayo mata tsohuwar suwaita a gwanjo, ta warware ta, ta jiƙa zaren a ruwan ɗumi ya miƙe. Tsinkayen saƙarta wayoyin ƙafar keke ne da aka goge bakinsu a dutse. Jikin rigar ya tashi, hannuwa suka rage.

Da mata suka watse, Judith ta matso, ta sassauta murya.

"Yaya, na san ta wa ce. Jiki ana iya kintata shi, amma hannun riga ba ya son kintace. Ki kira shi ki auna."

"Wa zan kira?"

"Yunis mana."

Lauratu ta waiwaya da sauri, ko wani ya ji. "Rufa mini asiri, Malama."

"Haba Yaya, mu masu bi ai mun bar waɗannan abubuwa."

"Ku dai kun bari, ku 'yan makaranta. Ni da wane ido zan dubi mutane? A ce Lauratu ta tsufa ta zubar da mutuncinta?"

"To ni in auno miki."

"A'a! In kika ɗora masa igiyar awo yau, gobe har Tsiga an ji."

Washegari da safe Yunis ya shigo gaida mahaifinsa, ya rusuna daga nesa ya ce, "Ina kwana, Yaya." Lauratu tana bakin turmi. Ta ƙudura a ranta yau sai ta ƙare wa hannuwansa kallo, daga kafaɗa har wuyan hannu. Amma wuyanta ya saba, da jin muryarsa ya sunkuya da kansa. Turmin ta amsa wa, "Lafiya." Abin da ta gani duka takalmansa ne, har ya juya ya fita.

Ba yadda za ta yi, ta zagaya zana ta tafi wurin surukarta. Tsohuwa ba ta zuwa majami'a, ta ce ita ta tsufa da sauya hanya. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana zuƙar lofe, idanunta duk yana ta rufe. Lauratu ta durƙusa, ta yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi ƙafa, ta tambayi awaki, sa'an nan ta ce, "Inna, ko akwai wata riga mai dogon hannu a nan? Fasali nake so in cire."

"Rigar wa?"

"Ta mutanen ɗakin nan."

Tsohuwa ta cire lofe, ta yi dariya har da tari. "Ashe kin san da mutum a ɗakin nan? Yau kuwa za a yi ruwa."

Lauratu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Tsohuwa ta rarrafa ciki, ta lalubi adudu, ta zaro wata rigar kaki ta miƙo mata. Lauratu ta karɓa ta cusa a cikin zane, ta fita har tana tuntuɓe.

Sai da ta shimfiɗa rigar a ɗakinta ta ga alamar ta makaranta ce, ga tsohon tabon tawada a aljihu. Zuciyarta ta ce wannan ta daɗe, ki koma ki tambayi wadda yake sawa yanzu. Ta miƙe har bakin ƙofa, ta tuna dariyar nan, ta dawo ta zauna. Durƙuso na biyu ya fi ƙarfinta. Ta auna hannun rigar da taƙi, ta ƙara faɗin yatsa uku, ta ce wa kanta ai mutum ba ya ƙara wani tsawon kirki bayan ya bar makaranta.

Kwana biyu tana saƙa a kuryar ɗaki, tuwo ma a gurguje ake tuƙawa. Ranar Asabar da la'asar ta ɗinke hannuwan a jikin rigar da allura, ɗinki ƙanana a jere, don ba a taɓa allura ranar Lahadi. Ta naɗe ta a tsohon ɗankwali ta kai wa Tsohuwa.

"A ba shi. A ce ke kika sa aka yi."

"Ni da ban san ta inda ake kama tsinken ba? To, na ji."

Ranar Litinin da hantsi rabin ƙauyen ya fito bakin titi, inda motar Mudi direba ke tsayawa ta kwashi masu zuwa Funtuwa hawa jirgi. Uwa ba ta rakiyar ɗan fari, saboda haka Lauratu ta ɗauko ƙwaryar daddawa, wai talla za ta. Ta tsaya can gefe kusa da mai ƙosai, ta sauke ƙwaryar tana gyara faifai.

Mai bishara ya yi addu'a, aka shafa. Tsohuwa ta dogara sanda ta miƙa wa Yunis ƙunshin. Ya kwance, suwaita ruwan toka mai duhu ta bayyana, mata suka ce kai, madalla.

"Saka mu gani," in ji Labo.

Yunis ya zura ta a kan rigarsa. Tsawon jiki ya yi daidai. Amma kafaɗa ta ɗame shi, hannuwan kuwa da kyar suka wuce gwiwar hannu, suka tsaya a nan. Ya ja, suka koma. Dogayen hannuwansa suka fito tsirara daga ciki.

Mudi ba ɗan garin ba ne, bai san komai ba. Ya leƙo daga gaban mota ya kwashe da dariya. "Kai, samari! Wadda ta saƙa maka wannan ta taɓa ganinka kuwa? Ko labarinka aka ba ta?"

Fasinjojin da ke cikin mota suka taya shi. Mutanen ƙauye kuwa suka yi tsit, don kowa ya san wadda ta kwana biyu ba a ganinta a rijiya. Babu wanda ya dubi wajen mai ƙosai. Judith ta sunkuyar da kai, Atu ta hau gyara goyon da ba abin da ya same shi. Da sun dube ta ma da ya fi mata sauƙi.

Kunya ta rufe Lauratu, amma ba irin wadda ake yabonta da ita ba. Wannan mai ɗaci ce. Baƙo ya faɗi gaskiya a bainar jama'a ba tare da ya sani ba: labarinsa aka ba ta. Yaushe ya yi wannan kafaɗa? Yaushe hannunsa ya kai haka? Shekara ashirin suna shan ruwan randa ɗaya, ba ta sani ba, ta kuma yi alfahari da rashin sanin.

"Ta yi mini daidai," in ji Yunis, bai yi dariya ba. "Aikin rubutu za ni. Hannun ba zai shiga tawada ba."

Rana ta fara zafi, amma bai cire ba. Ya yi sallama da mahaifinsa, ya rungumi Tsohuwa, ya hau bayan motar. Akwai wuri a tsakiya, sai ya ratsa ya zauna a gefen da ke fuskantar mai ƙosai. Ya zura hannunsa na dama ta tsakanin katakon motar, ya bar shi yana reto a waje, ya kau da fuskarsa ɗaya gefen yana tambayar wani dattijo kuɗin jirgi. Hannun ya daɗe a nan, ba ya riƙe da komai.

Lauratu ta gane. Hannun ya miƙo mata ta auna. Ta ɗora ƙwaryar a ka, ta bi ta gefen motar kamar hanyarta ce dama. Da ta zo daidai wurin, ta ɗaga hannu kamar za ta tallafi kayanta, ta ɗora babban yatsa a bakin saƙar, ta miƙa na tsakiya har ƙashin wuyan hannunsa. Taƙi guda ne, saura kaɗan. Fatar da ɗumi, ga wani tsohon tabon yanka da ba ta san ranar da ya samu ba. Yunis bai motsa ba, bai waiwayo ba, amma maganar da yake yi da dattijon ta tsaya a tsakiya.

Mudi ya tayar da mota. Ta janye hannunta ta wuce, yatsun a buɗe yadda suke.

Ba ta je tallan ba. Ta bi ta cikin gonakin auduga ta nufi gida, hannun dama a gabanta a sandare, tana tsoron kada ta yi tuntuɓe ya rufe. Atu ta cim mata a bakin rafi.

"Lauratu, me ya sami hannun?"

"Ƙaya ce."

"Kawo in cire miki."

"Bar shi, sai na je gida."

A ɗaki ta sauke ƙwarya da hannun hagu, daddawa biyu suka gangara ƙasa, ba ta bi ta kansu ba. Ta jawo ragowar zaren daga ƙarƙashin gado, ta shimfiɗa shi daga wannan yatsa zuwa wancan, ta sunkuya ta datse da haƙori. Sai a lokacin ta rufe hannun, duk ya yi tsami.