Cinyar Alade a Gidan Gualter

Tun da gari ya waye ranar Kirsimeti Almerinda ta kasa zama wuri ɗaya. Ta buɗe tanderu, ta rufe, ta leƙa taga, ta dawo ta sake buɗewa. Cinyar aladen na ciki tana ƙyalli da zuma, an tsattsaga fatarta an soka kanumfari, ga yankakkiyar abarba a kai.

Bana abin ya zo mata da fargaba. Mijinta Gualter, manomin abarba a tsibirin São Miguel, bai daɗe da fitowa daga asibiti ba. Hawan jini ne ya kayar da shi, likita kuma ya hana shi gishiri da kitse. Ta jiƙa naman a ruwa tun jiya don gishirin ya fita, ta rage zuma, amma hankalinta ya ƙi kwanciya.

Tana juyowa ta ga kujerarsa babu kowa.

"Noémia! Ina babanki?"

"Yanzun nan na gan shi, Mama," in ji 'yar tasu.

Almerinda ta fita da gudu, ko takalmi babu. Ta duba bayan gida, ta duba bakin hanya. A ɗakin gilashin da yake noman abarba ta same shi, zaune kan bokiti.

"Kai tsohon nan, kashe ni za ka yi?"

"Ke ce za ki kashe ni. Ƙamshin nan ya cika gida, ni kuma dafaffen kabeji ne rabona. Gara na zauna nan."

Ta tsaya tana haki. Sai yanzu ta ga yadda rigarsa ta yi masa yawa.

"Tashi mu je," ta ce a hankali.

A teburi Noémia ta karɓi wuƙa. Ta yanka masa siriri, ta cire kitsen, ta cika sauran farantin da kabeji, dankali da gasasshiyar abarba.

Gualter ya ɗaga yankan sama. "Kai, Noémia, har ina hango mamarki ta cikinsa."

"Shi ke nan rabonka, Baba, sai baɗi."

Ya ci a hankali, ido lumshe. Almerinda kuwa tana bin kowace loma da kallo, nata abincin na hucewa.

"Ci abincinki, baiwar Allah," ya ce. "Idonki zai shaƙe ni kafin gishiri."

Ta yi dariya, ta ɗauki cokali. Duk da haka sai da ta janye tiren naman zuwa gefenta.