Jan Fenti a Bangon Gidanmu

Bangon gidanmu yana kallon mararrabar Dichemso, duk motar da za ta gangara kasuwar Kejetia sai ta wuce ta gabansa. Shi ya sa jam'iyya take son sa. Yayana Mutala, mai rubutu a jikin motoci, shi ya shafe shi da launin jam'iyya, ya rubuta kirarinta, can ƙasa kusa da kwata ya sa sunansa da jan fenti. Ni na riƙe masa gwangwani, lokacin ban daɗe da barin makaranta ba.

Mutala ya rasu a zaɓen fid da gwani na wancan karon. Ƙartin wani babban ɗan takara sun zo ɗauke akwatin zaɓe, shi kuwa ya rungume akwatin, suka kashe shi a kansa. Ba a kama kowa ba. A unguwa ba ma faɗin sunan mutumin, sai mu ce Mai Murmushi, saboda hotunansa. Wancan karon ya faɗi. Bana shi jam'iyya ta tsayar takarar shugaban ƙasa.

Reshenmu na jam'iyya ya rabe biyu, har bencin da muke shan shayin ataya ya zama biyu. Wasu sun ce jam'iyya uwa ce, ba a gudun ta. Wasu sun ce siket da bulawus za su yi: su zaɓi ɗan majalisarmu, a kujerar shugaban ƙasa su dangwala wa wani.

Kawu Bawah, ƙanen mahaifiyarmu, shi ne shugaban reshe. Ya zo da bokitin fenti ya dire a ƙofar gida.

"Suraj, fuskar mutumin nan nake so a nan kafin Juma'a. Ta nan zai wuce."

"Kawu, a kan rubutun Mutala?"

"Don jam'iyya ya mutu ko don bango? Kai kuma yau Adum, gobe Kejetia, kamar akuyar da ta tsinke igiya. Na sa sunanka a masu samun pragya, keken haya mai ƙafa uku. Ka zauna wuri ɗaya, ka ja keke kamar mutum."

Na dubi mahaifiyarmu, Mma Hamamatu. Tun rasuwar Mutala, a gindin sunan nan take ajiye kujerarta tana sayar da koko, bayanta jingine da shi.

"Bangon ubanku ne," ta ce. "Hannun kuma naka ne."

Ta ja kujerarta gefe.

Na shafe komai da fari, na zana Mai Murmushi. Ya fito sosai, har direbobi suna yi min hon. Washegari aka yi ruwa da rana tsaka. Da ya ɗauke na fito, sai ga jan rubutu ya ɓullo a haɓar mutumin: Mutala. Kamar wanda aka yanka.

Na ƙara shafi. Aka sake ruwa, ya sake fitowa.

Mutane suka fara tsayawa. Wata tsohuwa ta ce, "Yaron nan bai yarda ba." Yasin, na ɓangaren siket da bulawus, ya ce min, "Cale, abokina, yayanka ya riga mu dangwala."

Ni na san dalili. Fentin mota Mutala ya sa, mai maiƙo, na ruwa ba ya kama shi. Shi da kansa ya koya min. Amma sanin bai hana ni jin tsayuwarsa a bayana ba duk lokacin da na tsoma burushi, kamar yadda yake tsayawa a da yana cewa layina ya karkace.

Ranar Alhamis Kawu ya kawo makankari na ƙarfe.

"Kankare shi har bulo. Mutane suna yi min dariya a masallaci."

Na durƙusa. Na ɗora ƙarfen a kan harafin farko. Daidai nan bangon ya yi santsi, ya yi duhu, inda bayan Mma ya daɗe yana gogawa. Ba mu da wani abu da Mutala ya rubuta sai wannan. Motocin da ya yi wa ado duk an sake musu fenti.

Na ajiye ƙarfen, na ɗebo ruwa da tsumma, na wanke haɓar Mai Murmushi har sunan ya fito duka.

Kawu ya daɗe yana kallo.

"To ka ci gaba da yawonka," ya ce. Ya ɗauki makankarinsa. Tun ranar bai sake amsa gaisuwata ba.

Juma'a jerin motocin Mai Murmushi ya zo. Mutumin ya leƙo ta saman mota yana ɗaga hannu, ya ɗaga wa bangon ma, bai rage gudu ba. Ban ga alamar ya karanta ba, ko ya taɓa jin sunan.

Mma ta mayar da kujerarta. Rabin murmushin yana nan sama da kanta, kowane ruwa yana cin kaɗan.