Layi Biyu a Filin Scarthwaite

Filinmu na zari-ruga a Scarthwaite ya fi na kowa ƙunci. Da gangan kakanninmu suka matse shi, don ƙattinmu su riƙa danne baƙi masu gudu, kuma har yau dattawan kulob suna alfahari da wannan wayon.

Bana mun cinye kowa a rukuni na biyu. Amma hukuma ba ta ba da lasisin shiga babban rukuni don cin wasa kawai. Sai fili ya kai faɗin ƙa'ida, da sarari tsakanin layi da bango. Ni kaɗai ce a kwamiti na karanta sharuɗɗan. Na ce a rushe rumfar manya da ke gefen fili, inda suke shan giyarsu.

Mista Ramsden, shugabanmu, ya lashe romon nama daga yatsa. "Yarinya, a rumfar nan ubanki ya koyi tafi. Jami'a ce ta koya miki rushe-rushe?"

"Ranka ya daɗe, za a aiko mai awo."

"Ya zo mana. Fenti ya ƙare a duniya ne?"

Aka kwashe da dariya. Washegari dattawan suka shafe tsohon layi da koren fenti mai arha, suka ja sabo har gindin bangon rumfa.

Ranar dubawa aka tashi da ruwa, kamar kullum a garin nan. Misis Oldroyd ta hukuma ta iso da lema, Ramsden na biye da ita yana ba ta tarihin kofunan da aka ci kafin a haife ta. Koren fenti kuwa tuni ya bi kwata. Ga layi biyu farare tas, gefe da gefe.

Ta tsaya tsakaninsu. "Mista Ramsden, a wanne kuke wasa?"

"Na wajen, mana."

"To in an ture yaro a nan, ina zai faɗa?"

Ya dubi bangon, ya dube ni, wai in cece shi. Na gyara wuyan rigata.

Aka hana mu lasisi. A taro na gaba dattawa suka tattauna lamarin cikin natsuwa, suka gano mai laifi: wanda ya sayo fentin. Na sake kawo maganar rumfa. Ramsden ya ce ba ta cikin ajanda.